Ba ƙyuya ce ta raba mu da bakin Kogin Kaduna ba

A wata Asabar ta watan Satumba abokan aikina suka ja ni zagayen madatsar ruwa ta Ladybower, wadda ke yamma da birnin Shefil na Ingila inda nake zaune. Muna cikin tafiya a gefen ruwan sai wata dattijuwa daga cikin ayarin, mace mai kirki wadda ban taɓa jin ta yi magana da nufin cin fuska ba, ta tambaye ni ko garinmu yana da kogi. Na ce mata garinmu Kaduna yana da shi, kuma idan ya cika ya batse a watan Agusta, duk rafukan da muka tsallaka a ranar ko an haɗa su wuri guda ba za su kama ƙafarsa ba. Sai ta ce abin da mamaki, domin ta lura 'yan Afirkan da ta sani ba sa sha'awar fita yawon daji, daga kasuwa sai ziyarar 'yan'uwa, wataƙila dai abin ba ya cikin al'adarmu. Na yi mata murmushin baƙo, amma maganar ta tsaya mini a wuya, domin ta ɗora wa ɗabi'ar mutane laifin da ba nasu ba.

Sai an ga irin hanyar da muke takawa a ranar kafin a gane abin da nake nufi. Turba ce da aka daddaɓe da tsakuwa, mai faɗin da mutum biyu za su jera, ta bi gefen ruwa a ƙarƙashin dogayen itatuwa, babu hawa mai wahala, har tsofaffi masu dogara sanda da iyaye masu tura keken jarirai suna binta ba tare da haki ba. Inda ta ratsa gonar wani, akwai katangar duwatsu da aka jera ba tare da siminti ba, an yi mata wata 'yar ƙofar katako mai lilo a cikin ɗan keji, yadda mutum zai shige amma tunkiya ba za ta iya ba. A jikin kowace ƙofa an manna ɗan faifai mai kibiya: rawaya tana nufin hanyar masu tafiya a ƙasa kaɗai, shuɗiya kuma har da mai doki da mai keke. Tumakin manomin suna kiwo a gefenmu, taraktarsa tana ajiye da makulli a nesa, shi kuwa ko leƙowa bai yi ba ya tambayi abin da ya kawo mu, domin doka ba ta ba shi wannan hurumin ba. Nan da can akwai bencin zama, kusan kowane da ɗan allon ƙarfe ɗauke da sunan wani mamaci da iyalinsa suka biya kuɗin bencin don tunawa da shi, abin da ya tuna mini da randar ruwan sanyi da mutanenmu ke ajiyewa a ƙofar gida sadaka ga iyayensu. Sai kuma karnuka, waɗanda su ne jarrabawar duk Musulmin da ya fito da niyyar yin sallar La'asar da kayan jikinsa, don Bature yana ganin karramawa ce karensa ya shinshini wandonka.

Ita kanta madatsar ba tsohuwar halitta ba ce. An gina ta tsakanin 1935 da 1943, Sarki George na Shida ya buɗe ta a 1945, kuma ƙauyuka biyu, Ashopton da Derwent, suna kwance a ƙarƙashin ruwan, har a shekarun fari kamar 2018 kufansu kan bayyana mutane su yi ta tururuwar kallo. Ruwan sha aka tara wa birane irin su Derby da Nottingham da Leicester, amma ba a ce don haka a kewaye wurin da waya a kori jama'a ba. Can kudu kaɗan ma akwai turbar Monsal, mil 8 da rabi a kan tsohon layin dogo da aka rufe a 1968, wadda a 2011 aka buɗe ramukan da jirgi ke bi ta cikin duwatsu, aka sa musu fitilu don masu tafiya a ƙasa. Duk lokacin da na bi ta nakan tuna da ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, na kuma san babu wanda ya yi tunanin a bar wa mai ƙafa ko taku goma na gurbinsa.

Abin da dattijuwar ba ta faɗa ba, ko da yake ta san shi, shi ne cewa kakanninta ma ba a haife su da wannan gata ba. Tsaunukan da ke kewaye da mu a ranar, a da mallakar attajirai ne da suka killace su don harbin tsuntsaye, suka zuba masu gadi da sanduna suna korar talakawa. Ma'aikatan masana'antun Manchesta da Shefil, waɗanda ke kwana shida cikin hayaƙi, su ne suka gaji, har ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwansu suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, aka yi ba-ta-kashi da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu a kurkuku. Sai a 1949 majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi su zana kowace hanyar jama'a a taswirar hukuma, a 1951 yankin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, a shekarar 2000 kuma aka ƙara buɗe tsaunuka da filayen da ba a nomawa. Yau a Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000. Manomin da ya bi ta kan hanyar da garma, doka ta ba shi kwana 14 ya gyara ta, kuma hanyar da jama'a suka shekara 20 suna bi ba tare da an hana su ba, ana iya shigar da ita cikin taswira ta zama hakkinsu. Don haka abin da take kira al'ada, ni taswira na gani da kotu a bayanta.

Mu kuwa a ce ba mu san tafiya ba? Fataken da suka riƙa kai kanwa Gwanja su dawo da goro da ƙafa suka yi, haka mahajjatan da suka ratsa Chadi da Sudan, waɗanda jikokinsu suna can har yau. Bafulatanin da ke saukowa kudu da rani ya koma arewa da damina yana cin zangon da ɗan yawon dajin Ingila zai yi shekara yana ba da labarinsa. Gaskiyar magana ita ce mun sha tafiya har ta zama alamar rashi, shi ya sa wanda Allah ya buɗa wa yake fara sayen babur. Da na ba kawuna da ke Tudun Wada labarin fitarmu ta waya, dariya ya yi ta yi, sannan ya ce, "Ɗan nan, wato mota kuka shiga kuka je kuka ajiye ta, don kawai ku yi tafiyar ƙasa ku dawo inda kuka bar ta?" Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ce, "To Allah ya ƙara rufin asiri, wannan ai ƙoshi ne." Ban musa masa ba, amma shi da kansa likita ya ɗora wa tafiyar safe saboda hawan jini, kuma a gefen kwalta yake yin ta, yana kauce wa Keke Napep da kwata.

Masu son shan iska kuma ba su taɓa ƙaranci a Kaduna ba. Duk wanda ya tashi a garin ya san yadda wurin shaƙatawa na Gamji ke cika da Sallah, yara suna rububin hawa tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, ya kuma san masu zagayen Dandalin Murtala da asuba, maza da mata, alhazai da 'yan fansho. Mutanen da ke zagaye fili ɗaya kullum a cikin ƙura, ba sai an roƙe su ba za su koma bakin ruwa da an ba su inda za su taka. Kogin da muke da shi ya fi kilomita 500 daga tsaunukan Jos zuwa inda ya faɗa Kwara, ya raba gari biyu, ga duwatsu a tsakiyarsa da rani, ga fadamu kore shar, ga masu haƙar yashi a kwale-kwale. In ana maganar kyawun wuri, ban ga abin da kwarin Derwent, inda madatsar Ladybower take, zai nuna mana ba sai sanyi da laka da duhun da ke sauka tun ƙarfe huɗu a watan Disamba.

Na sani idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke juye bola a magudanai ta gangara kogi, mu ne muka mai da wasu gaɓoɓinsa makewayi, kuma da an kafa benci na ƙarfe a wasu wuraren ba zai kwana biyu ba 'yan jari-bola sun san inda yake. A nan Ingila ma ba aljanna ba ce, domin a ranar Kirsimetin 2021 wata ƙungiyar Musulmi masu yawon tsaunuka ta hau tsaunin Mam Tor, suka saka hotunansu a intanet, aka yi musu ca da zagin wariyar launin fata. Amma duk wannan bai taɓa ainihin maganar ba. Mutum ba ya tsaftace wurin da aka nuna masa cewa ba nasa ba ne, kuma bakin Kogin Kaduna a hankali aka raba shi da jama'a, fuloti bayan fuloti, katanga bayan katanga, har ta kai a unguwanni da dama sai ka san lungu kafin ka ga ruwa. Masu rabon filaye sun sa hannu, masu kuɗi sun gina har cikin hanyar ruwa, sannan duk daminar da ta yi ƙarfi a ji ambaliya ta shiga gidaje a Kigo Road ko Rafin Guza, a kai tallafin katifa da shinkafa, a jira ta baɗi. Da an bar wa kogin gefensa, da mai tafiya ya samu turba, ruwan ma ya samu wurin miƙe ƙafa.

Daji kuma maganarsa ta fi ɗaci. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, amma shekara da shekaru sunansa ba ya fitowa a labarai sai tare da na 'yan bindiga. Dajin Afaka a bayan gari yake, kusa da filin jirgin sama, kuma daga kwalejin gandun daji da ke can aka kwashe ɗalibai 39 a watan Maris na 2021. Wane uba ne zai ɗauki 'ya'yansa ya ce za su je shan iska a madatsar Kangimi ba tare da ya fara tambayar lafiyar hanya ba, alhali manomi ma sai ya yi shahada yake zuwa gonarsa? Wanda ya ga mutum ya ƙi shiga dajin da ake neman kuɗin fansa a cikinsa, ya ce al'ada ce ta hana shi, bai yi masa adalci ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da irin wannan hakki na wucewa tun kafin Bature ya rubuta nasa. Burtali da mashaya da makiyaya sanannun abubuwa ne, dagaci da ardo sun san iyakarsu, manomi ya san inda garmarsa za ta tsaya, kuma wanda ya ci burtali ya san zai amsa kira a gaban hakimi. Gwamnatin Jihar Arewa, daga Kaduna, ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, sai dai akasarin wuraren ba a kammala shigar da su cikin kundin gwamnati ba, jama'a ta ƙaru, gonaki da gidaje suka cinye hanyoyin. Da burtali ya toshe, shanu suka faɗa gona, aka yi sara, aka yi ramuwa, wani ɓangare na wutar da ke cin dazuzzukanmu daga nan ta samo makamashi, ko da yake ba ita kaɗai ba ce sanadi. Manomin Ingila ba ya barin baƙo ya ratsa garkensa don ya fi namu haƙuri. Yana bari ne don an auna hanyar, an zana ta, kuma jami'in ƙaramar hukuma zai zo masa da takarda idan ya ɗaure ƙofar. A gabashin Kogin Kaduna, wajen Danbushiya, gari yana ci gaba da faɗaɗa, ana yanka sababbin filaye, kuma nan ne ya kamata 'yan majalisar jiha su fara: a auna tazara daga bakin ruwa, a kafa turaku, a buga taswirar inda kowa zai gani, har da tsofaffin burtalan da suka rage, kafin masu bulo su riga mai awo isa wurin.