Buhun shinkafa kwana nawa zai yi?

Wani labari ya ce rabon kayan tallafi zai farfaɗo da ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa. Haba! Buhun shinkafa kwana nawa zai yi a gida mai mutum goma? Mutanen Giwa da suka gudo Zariya, suna dako da tura kurar ruwa a Sabon Gari, manoma ne fa, gonakinsu suke son komawa. Ga cibiyar binciken noma a Samaru da ingantaccen irin masara, amma taki ya fi ƙarfin talaka. Malam mai cewa sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Birnin Gwari ya wadatar, na yarda an sake buɗe kasuwar shanun garin a 2024, to wa zai tsare manomi lokacin girbi?