Yadda banar bakin layi ta ci min mutunci

Wato har yau in zan fita sai na zagaya ta bayan masallaci, ba na bi ta bakin layi, kuma duk wanda ya sake turo min hoton nan wallahi bulokin zan yi masa ko da ɗan uwana ne.

Kun dai san kwalbatinmu ya rufta a ruwan Agusta, aka yi karo-karo naira 2,000 kowane gida, aka ce za a rufe layi kwana uku. Ciyaman ya ce tunda akwai baƙi 'yan haya da ba sa jin Hausa sosai, a buga bana da Turanci. Kowa ya juyo ya kalle ni, ni ne sakatare, kuma ni ne malamin Turanci. Na ce ku bar min.

To da na rubuta "a yi haƙuri" kawai da an wuce wurin, amma ina, sai na ce bari na nuna musu ba a banza na yi karatu ba. Daren nan na baje littattafai a tabarma ina tantance kalmomi kamar mai zaɓen tumatir a 'Yankaba. Trouble ta yi arha, ko ɗan aji uku ya san ta. Problem kuma mutanenmu sun riga sun mayar da ita furobulam. Nuisance wannan ta abin da ya addabi mutane ce, irin janaretan maƙwabcinmu, har a kotu ana shigar da ƙara da ita. Obstacle abin da ya tsaya maka a gaba, hindrance abin da ya ja ka baya, cikas ke nan. Impediment kuwa har na tashi uwargida daga barci ina yi mata bayani cewa asalinta daga Latin ne, daga kalmar ƙafa, wato dabaibayi sak irin wanda ake yi wa jaki. Ta ce to Allah ya kwance, ta juya ta ci gaba da barcinta. Daga ƙarshe na tsaya a kan inconvenience, ita ce ta masu aji, 'yar takura wadda ba ta kai fitina ba, ita ake rubutawa in an tare hanya ko banki ya ce babu netwok.

Na ɗauki waya na danna i, n, c, o, n, sai wayar ta kawo min wata doguwar kalma a sama, ni kuma barci ya fara ɗibata, na taɓa ta na tura wa mai buga bana ta WhatsApp. Bawan Allah har ya kira ni da safe ya ce Malam an duba rubutun dai ko? Na ce masa malamin Turanci kake tambaya? Wannan maganar ita ta fi ci min rai yanzu.

Ranar Asabar aka ɗaura ta. Jan rubutu, manya-manyan baƙaƙe, daga bakin titi kana hangowa: ROAD CLOSED. SORRY FOR THE INCONTINENCE. A ƙasa kuma, SIGNED: MAI UNGUWA. Kuma don tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ba a samu wurin ɗaurawa ba sai jikin katangar nan ta kwana, daidai saman inda aka rubuta "An hana fitsari a nan, tara 5,000".

Na sa sabuwar shaddata. Mai unguwa ya zo, aka sa masa kujera ƙarƙashin banar, aka yi addu'a, aka yi hoto, har na fassara wa jama'a da ƙarfi ina nunawa da biro, aka ce kai madalla da ilimi. Ana cikin haka sai ga Sista ta dawo daga cefane da jikarta riƙe da leda. Kun san Sista, shekara 35 tana aikin asibiti kafin ta yi ritaya, ba ta da wasa. Ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge da bakin hijabi ta mayar. Ta sake karantawa, ina ganin leɓenta yana motsi. Ta ce wa ya rubuta wannan? Ni kuma, ku ji fa, sai na tako gaba, taku biyu, na dafa ƙirji na ce ni ne Mama. Na ɗauka yabo ne zai biyo baya, har na fara murmushin nan na ai ba komai.

Ta ce ɗana, waye ba shi da lafiya?

Na ce lafiya lau Mama, kwalbati ne. Ta ce to ai wannan kalmar a katin marar lafiya muke rubuta ta, in mutum ba ya iya riƙe fitsari. Da ta tsaya nan ma da sauƙi, sai ta ƙara da cewa wani lokacin har da na bayan. Kuma ba a hankali ta faɗa ba, Sista da muryar kiran layi a asibiti take magana.

Wurin ya yi tsit, har lebura ya tsayar da shebur. Na ɗaga kai na kalli banar, sai a lokacin na ga T ɗin nan tana zaune a inda V ya kamata ta zauna, kamar tun fil azal a nan take. Gumi ya tsatso min ta cikin hula. Mai unguwa, wanda dama tun zuwansa sau biyu yana aika yaro ya ɗauko masa buta, ya waiwaya a hankali ya ce Malam sunan wa ke ƙasan can? Na ce ranka ya daɗe ai muƙami ne ba suna ba. Ya ce wato ni ne nake ba wa jama'a haƙuri ke nan. Na ce ranka ya daɗe wayar ce. Ya ce a'a, ai gara da ka sanar, ya miƙe ya kaɗe babbar riga ya tafi, ko goron da aka kawo masa bai ɗauka ba.

Duk wannan zan iya haɗiyewa, amma mutumin naku mai shagon caji shi ne ba zan yafe wa ba. Tun da na kayar da shi zaɓen sakatare da ƙuri'a uku yake jiran rana irin wannan. Mutumin da a jikin shagonsa aka rubuta charging babu H shekara huɗu ba wanda ya ce masa kanzil, shi ne ya faɗi ƙasa yana dariya yana dukan benci, kuma na rantse bai san kalmar ba kafin Sista ta fassara, don lokacin da nake nunawa da biro shi ya fi kowa gyaɗa kai. Kafin azahar ya sa hoton a status, ya zagaye ni da jan layi ina dafe da ƙirji. Kuma har yau bai biya 2,000 ɗinsa ba, littafin yana hannuna, kullum sai ya ce sai ciniki ya buɗe, amma yana da kuɗin data. Bara ma kuɗin 'yan sintiri sai da aka je masa sau biyar. Ƙaninsa kuma a ajina yake, shi ya kai labarin makaranta, yanzu duk yaron da zai fita bayi sai ya ɗaga hannu ya ce excuse me sir, sorry for the, sai ya yi shiru aji ya ɗauka.

Na gwada gyarawa da maka, ashe ta gaskiyar baƙaƙe 13 ce, wannan 12, babu wurin cusa ɗayan, sai abin ya koma kamar an yi wa kalmar tiyata. Mai bugawa ya ce sabuwa 12,000, ya kuma tuna min cewa shi fa ya tambaya. Ciyaman ya ce ba daga asusu ba.

Yanzu dai mai shayi ya karɓe ta ya yi rumfa da ita, ya kifa rubutun sama, amma in rana ta take ana karantawa ta ƙasa a juye. Kwalbatin kuma siminti ya ƙare tun kwana na biyu, layin yana nan a rufe.