Hura iska a wutsiyar jirgi ba wasan yara ba ne

Waɗanda suka halarci wani zama da aka yi sun ji da kunnensu yadda wani mai ji da kansa a harkar jiragen sama ya kwashe da dariya, wai hura iska ta 'yan ƙananan kafofi a jikin jirgi wasan yara ne. Madalla da wannan ilimi. Ashe injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da na kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing da suka jera kafofi 31 a wutsiyar jirgi samfurin 757, suka tashi da shi a 2015, wasan ƙasa suke yi, babu wanda ya farga sai shi.

Matsalar a iska take, kuma a iska ya kamata a magance ta. Idan iska ta saki jikin fiffike sai ta hautsine ta zama guguwa, ta riƙa dukan duk abin da ke bayanta ba ƙaƙƙautawa, har ƙarfe ya gaji ya tsage. Haka ta faru da jirgin yaƙin Amurka F/A-18 a shekarun 1980, inda guguwar da ke tasowa daga gaban fiffike ta riƙa tsattsaga wutsiyoyinsa biyu, aka ƙara musu ƙarfe, daga baya aka kafa ɗan faranti a sama domin ya karya ta. Farantin yana nan daram ko ana bukatarsa ko ba a bukata, alhali kafar iska ana kunna ta ne lokacin da ake bukatarta, ta mayar da iskar ta kwanta a jikin jirgi, sannan a kashe.

Mai dariyar ya ce bututun da ke kai iska kafofin suna da nauyi, kuma daga ina iskar za ta fito. A jirgin 757 ɗin, daga ƙaramin injin da ke can bayan jirgi aka ɗebo ta, kuma kowane ƙarfe da ake ƙarawa wutsiya shi ma nauyi ne da ake sayen mai domin ɗaukarsa kullum. A gwajin da aka yi a 2013 a ramin iska na NASA, wato ɗakin da ake hura wa sassan jirgi iska domin a auna su, ƙarfin da wutsiyar ke juya jirgi da shi ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, wato ana iya rage girmanta. Tun 1904 masanin motsin iska Ludwig Prandtl ya nuna a Jamus cewa zuƙe iska kaɗan yana hana ta sakin jiki, amma har yau sai an yi gardama.

Ni abin da nake so in gani shi ne a kawo irin wannan jirgi Kano a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, a bar shi wata guda a fili, sannan a leƙa kafofin nan ɗaya bayan ɗaya.