Alhaji zai sayi jirgi mai nutso

(Teburin mai shayi a unguwar Yelwa, Garwa, bayan sallar isha'i. Watan Afrilu ne, zafi ya koro kowa daga ɗaki. Alhaji na zaune da waya a hannu, Malam na jan carbi, Bakanike na goge baƙin mai da tsumma, Jauro ya jingine sandarsa. Kyaftin, tsohon sojan ruwa da ya yi ritaya, yana firfita da hula.)

ALHAJI: Kyaftin, matso, shawara ce. Na gaji da shingayen hanyar Yola. Jirgin nan mai nutso nake so, ko na hannu ne. In loda albasa buhu 200, in nutse a ƙarƙashin gadar Binuwai, ba a sake ganina sai Jimeta.

KYAFTIN: Alhaji, Kamaru kanta ba ta da ko ɗaya. A nahiyar nan Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ake lissafawa.

ALHAJI: Ai shi ya sa. Kasuwar da ba kowa a cikinta ita ce kasuwa.

JAURO: Ni abin da ban gane ba, jirgin da ya nutse ai sunansa hasara. Kuɗi za ka biya a nutsar da kai?

BAKANIKE: Mai shayi, ara mini garwar can. Jauro, duba nan. In ka kifa garwa cikin ruwa, bakinta a ƙasa, za ta nutse?

JAURO: Ina fa, iska ta tokare ta.

BAKANIKE: Huda gindinta da ƙusa fa?

JAURO: Iska ta fice, ruwa ya shiga, shi ke nan.

BAKANIKE: To ka gama karatun. Jirgin yana da manyan tankuna a jikinsa, ƙasansu a buɗe, samansu da bawul. A buɗe bawul, iska ta fita, ruwan teku ya cika tanki, jirgi ya yi ƙasa. In za a taso a rufe bawul, a sako iskar da aka matse cikin kwalaben ƙarfe, wadda ƙarfinta ya ninka na tayar mota kamar sau ɗari, ta kore ruwan. Akwai kuma ƙananan tankuna gaba da baya, ana tura ruwa tsakaninsu don kada hanci ya rinjayi wutsiya.

MAI SHAYI: Ashe mutumin Garwa garwa zai shiga. A dai bar mini tawa ba huji.

KYAFTIN: Garwarka ko mita 10 ba za ta kai ba in a rufe take. Kowace mita 10 ruwa na ƙara nauyin kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. A mita 300, wuri mai faɗin tafin hannunka yana ɗauke da kamar tan 3, buhun siminti 60 ke nan. Ƙarfen jirgin kansa yana matsewa. Akwai wasan da ake yi wa sababbin yara: a ɗaure zare tamau daga bango zuwa bango kafin nutso, in an yi zurfi a kira yaro ya ga zaren ya saki, ya yi ciki.

JAURO: Yaron fa?

KYAFTIN: Shi ma cikinsa ya saki.

ALHAJI: Bar tsorata ni. Ɗakina nake so mai taga, ta gefen inuwa.

KYAFTIN: Babu taga ko ɗaya. Ɗauki na Faransa, Le Triomphant: tsawonsa mita 138, ya fi filin ƙwallon Rumde Ajiya, amma injin nukiliya da makamai sun cinye wurin, mutum wajen 110 suna raba abin da ya rage har kwana 70. Gado kamar kantar shago yake, hawa uku, da ɗan labule. In ka yi mafarki ka zabura, goshinka ne zai biya. A ƙananan jiragen Amurka ma mutum uku ke raba gado biyu. Kana saukowa daga aiki, mai gadon na tashi, ka kwanta cikin ɗuminsa. Waɗanda ba su samu ba a shimfiɗa musu kusa da bama-baman ruwa.

MALAM: Subhanallahi. Barci kusa da bam?

KYAFTIN: Allah gafarta Malam, wasu sun fi son can. Akwai sanyi, kuma bam ba ya munshari.

JAURO: To iska fa? Ko dorinar Binuwai, da duk girman hancinta, minti biyar take yi ta leƙo.

BAKANIKE: Daga ruwa suke yin ta. A tace ruwan teku a cire gishiri, a sa masa wutar lantarki, ya rabu biyu: oksijin a saki cikin jirgi, haidirojin a tura waje, don in ya taru tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Numfashin da mutane suka fitar kuma akwai injin da ke wanke shi da wani sinadari, amin. In injin oksijin ya tsaya, akwai kyandir na musamman cikin gwangwani, wanda in an kunna shi iska yake bayarwa maimakon ya ci.

KYAFTIN: Amin ɗin nan kuwa yana da wari. Haɗa shi da man inji, da soye-soye, da safar mutum ɗari. Na ciki ba sa ji, hanci ya saba. Ranar da aka dawo gida uwargida ke tare jaka a ƙofa ta ce a bar ta waje.

MALAM: Mu dai amin ɗinmu ba ta wari.

ALHAJI: Wannan nukiliya ta fi ƙarfin aljihuna. Mai shan gas nake so, irin na tirela.

BAKANIKE: Shi kuma a ƙasa da batir yake tafiya, injin gas ba ya aiki sai da iska. In batir ya yi sanyi dole a hauro kusa da sama, a ɗaga bututu a shaƙa, a yi caji. Bakin bututun yana da murfi mai rufe kansa in igiyar ruwa ta taso. To inji ba ya jira: daƙiƙun da murfin ke rufe, iskar cikin jirgi yake zuƙa. Kunnen kowa ya toshe, ya buɗe, ya toshe, har wanda ke barci.

MAI SHAYI: Ni tambayata ɗaya ce, Baba Kyaftin. In mutum ya ci wake da daddare, ina yake zagayawa?

KYAFTIN: Yawwa, ka zo wurin da jarumai ke faɗuwa. Kwanon ƙarfe ne, a gindinsa bawul mai hannu. Ka gama, ka buɗe famfon ruwan teku, ka ja hannun, kaya su gangara tanki, ka mayar ka rufe. In tanki ya cika ba ya zubar da kansa, don ruwan waje ya fi shi ƙarfi. Sai a rufe kowane bawul, a rataya allo a ƙofar ban ɗaki, a cusa wa tankin iska har ta fi ƙarfin teku, sannan a buɗe na waje.

MAI SHAYI: In wani ya taso da magagin barci bai karanta allon ba?

KYAFTIN: Ya ja hannun, yana sunkuye yana leƙe. Abin da mutum ɗari suka tara tun shekaranjiya ya fito masa a fuska, har rufi. Shi zai wanke da hannunsa, kuma sunan da za a laƙaba masa ranar sai ya bi shi har ritaya.

JAURO: Wallahi daji ya fi. Ba allo, ba bawul.

KYAFTIN: Kuma ko an yi daidai, iskar da ta rage a tankin cikin jirgi ake sakinta ta matatar gawayi. Gawayin yana iya ƙoƙarinsa.

BAKANIKE: Ai ban ɗaki ya taɓa cin jirgi sukutum. Na Jamus, U-1206, ranar 14 ga Afrilun 1945, kusa da gaɓar Sukotlan. Sabon samfurin ban ɗaki aka sa masa, mai wuyar sha'ani har sai an koya wa mutum na musamman sarrafa shi. Aka buɗe bawul ba bisa tsari ba, ruwan teku ya kwararo, ya gangara kan batura da ke ƙasa. Ruwan gishiri in ya haɗu da batir iskar kilorin yake bayarwa, mai kisa. Dole suka taso, jiragen saman Ingila suka gan su, kwamanda ya sa aka nutsar da jirgin da gangan.

MALAM: Shi ya sa ake addu'a kafin a shiga. To Kyaftin, alƙibla fa? Da lokacin salla, tunda ba rana ba wata?

KYAFTIN: Agogo ne ranarsu. Da dare a mayar da fitilu ja, don jiki ya san dare ya yi. Amurkawa sun daɗe suna yin yini mai awa 18, shida a bakin aiki, sha biyu hutu da gyare-gyare, sai a 2014 suka koma 24 don mutane na rikicewa. Alƙibla kuwa, na'urar jirgi ta san inda hanci ya dosa. Matsalar, a manyan jiragen Faransa kwamanda da mutum kaɗan ne suka san inda ake. In ka tambaya, murmushi za a yi maka.

MALAM: To sai a yi ijtihadi. Ruwan alwala?

BAKANIKE: Akwai, amma da awo. Wanka ma ƙa'ida gare shi: buɗe famfo ka jiƙa jiki, rufe, shafa sabulu, buɗe ka ɗauraye, fita. Wanda ya tsaya waƙa, layin da ke bayansa zai koya masa.

MAI SHAYI: Wannan a Garwa ai ba horo ba ne. Mu da buta ɗaya muke wanka a watan nan, har a rage na wanke kofi.

MALAM: Ni dai da ɗan dutsena zan shiga, saboda taimama.

ALHAJI: Abinci fa? Kun san ni da tuwo.

KYAFTIN: Abinci shi ne daɗin da ya rage musu, ba a wasa da kuku. Faransawa har burodi suke gasawa a ciki kullum. Amma ganye da tumatir mako biyu ne, daga nan sai na firiza da na gwangwani. A wasu jiragen gwangwanayen ake jerawa a ƙasa a shimfiɗa katako, mutane na tafiya a kai a duƙe. Kuna ci rufi na ƙara nisa. Tuwo kuwa, in da daka a ciki, manta. Ba turmi, ba buga ƙofa, takalmi mai taushi ake sawa, injuna a kan roba suke zaune. Sauti a cikin ruwa ya fi na cikin iska gudu sau huɗu da wani abu, kuma akwai masu zama da abin ji a kunne, aikinsu ke nan dare da rana. Sifana ɗaya ta faɗi a kan ƙarfe, an san kana nan.

BAKANIKE: Shirun har ya yi yawa. A Fabrairun 2009 Le Triomphant da Vanguard na Ingila suka yi karo a tsakiyar Atilantika. Duk faɗin tekun nan, kowa na laɓe, ba wanda ya ji wani. Faransawan da farko sun zaci kwantena suka buga.

MAI SHAYI: Ke nan ni ba zan kaɗa ƙwai ba, ba zan ɗaga shayi sama in zubo ba?

KYAFTIN: Kai ko rediyonka ba za a bari ya hau ba.

ALHAJI: Waya fa? Akwai sabis?

KYAFTIN: Babu. A jiragen Faransa iyali ke aiko saƙo sau ɗaya a mako, kalma 40, kai kuma ba ka da damar amsawa. Ana karantawa kafin a ba ka. In labarin rasuwa ne a riƙe sai an kusa gida.

JAURO: Alhaji mata huɗu, kowace kalma goma.

MALAM: Adalci ke nan.

MAI SHAYI: Hajiya babba za ta fara: Salamu alaikum, Alhaji, ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya... Shi ke nan, kuɗinta ya ƙare, ba ta kai ga maganar cefane ba.

ALHAJI: (ya gyara zama) Tsaya. Kwana 70, ba a kirana, ba na amsawa, kuma ba a kai ga cefane? Kyaftin, nawa ne kuɗin jirgin nan?

KYAFTIN: Kafin kuɗi, ruwa. Babban yana son kamar mita 10 kafin ya yi iyo kawai, ba a zo maganar nutso ba. Jauro, jiya da ka ƙetare da shanu, ina Binuwai ta kai maka?

JAURO: Gwiwa. Wani wurin ma sai da na nemi ruwan.

BAKANIKE: Ka ga sai a sa masa taya, ka bi ta kan yashi. Masu shinge su taso su zo kallo, su karɓi na albasa, su karɓi na jirgi.

MALAM: A kai shi tafkin Chadi mana.

KYAFTIN: Can ma masunta da gora suke tura kwalekwale.

(Aka yi ta dariya. Mai shayi ya ɗauko ɗan littafinsa, ya lashi yatsa.)

MAI SHAYI: To jama'a, dare ya yi. Alhaji, shayi biyu da madara, burodi, ƙwai uku, ga na makon jiya... Alhaji? Ina Alhaji?

JAURO: Yanzun nan yake nan. Ga ma takalmansa.

KYAFTIN: Ya cire su ne don kada a ji. Bakanike, ka ji motsin tashinsa?

BAKANIKE: Ko kaɗan.

MAI SHAYI: To wa zai biya?

MALAM: Rubuta masa saƙo. Kada ka wuce kalma goma.