Gidan King da garin Kingsville: wa ya kamata a yi wa lissafin gadon?

A kudancin jihar Texas ta Amurka akwai gandun kiwon shanu mai suna King Ranch, wanda faɗinsa ya kai eka 825,000, wato ya ɗara jihar Rhode Island girma. Richard King, matuƙin jirgin ruwa a kogin Rio Grande, shi ne ya kafa shi a 1853, kuma har yau yana hannun zuriyarsa. Duk wanda zai auna abin da iyalin makiyaya na farko ke bar wa al'ummarsu, a nan ya kamata ya fara. Ni kuwa a ganina, ana yawan yin wannan awo da mudun da bai cika ba.

Alherin gidan a fili yake. Da King ya rasu a 1885, matarsa Henrietta ta gaji gandun da bashi mai nauyi a kansa, ta riƙe shi shekara 40 tare da surukinta Robert Kleberg, har filin ya haura eka miliyan ɗaya kafin rasuwarta a 1925. A zamaninsu aka haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙasar da fari ya saba kashe garke, kuma samun ruwan ne ya sa zama ya yiwu. Henrietta ta ba da fili aka shimfiɗa layin dogo, aka kafa garin Kingsville a 1904, ta kuma ba da filayen makaranta da wuraren ibada. Daga wannan gandu aka fitar da irin shanun Santa Gertrudis, haɗin Brahman mai jure zafi da Shorthorn mai nama, wanda gwamnatin Amurka ta amince da shi a 1940 a matsayin sabon iri. Mai son rage wa gidan daraja sai ya fara bayyana yadda gari zai tsaya a wurin ba ruwa ba hanya.

Amma akwai wasu mutanen da sunansu bai hau kan gari ba. A 1854 King ya je ƙauyen Cruillas a jihar Tamaulipas ta Meziko, inda fari ya tilasta wa jama'a sayar masa da shanunsu. Da ya ga ya kwashe abin da suke rayuwa da shi, sai ya gayyace su su biyo shi, suka kuwa taso da iyalansu. Su ne aka riƙa kira Kineños, ma'ana mutanen King. Shi ya san jirgi da ciniki, su kuma suka san doki, da igiyar kamu, da halin saniya a dajin ƙaya, domin kiwon shanu a kan doki sana'ar kakanninsu ce tun kafin Texas ta shiga Amurka. Jikokinsu da tattaɓa-kunnensu sun ci gaba da aikin ƙarni bayan ƙarni. Gidan ya ba su muhalli da makaranta da aikin da ba ya yankewa, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yansu, Lauro Cavazos, wanda aka haifa a gandun a 1927, ya zama sakataren ilimi na Amurka a 1988. Wannan abin alfahari ne. Sai dai ƙwarewar da ta mayar da daji dukiya tasu ce, alhali ƙasar da ribarta suka zauna a gida guda. Kyautatawar maigida, komai yawanta, tana nan ne muddin ya ga dama, kuma wanda gidansa da aikinsa da makarantar ɗansa duk suke hannun mutum ɗaya ba ya iya ɗaga murya.

Batun ƙasar ma ba a rufe shi ba. Bayan yarjejeniyar 1848 da ta ƙare yaƙin Amurka da Meziko, filaye masu yawa a yankin sun fita daga hannun iyalai 'yan asalin Meziko zuwa hannun sababbin zuwa. King ya sayi nasa da takardu, amma masana tarihi suna ta muhawara kan yadda tsoro da rashin kariyar doka suka sa masu ƙasa sayarwa da araha. Garin da ke bikin tarihinsa ya kamata ya faɗi wannan a bakinsa, tun da jikokin waɗanda suka sayar suna zaune a cikinsa.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin wannan ra'ayi shi ne misalin Parker Ranch a tsibirin Hawai, wanda John Palmer Parker ya fara a 1847. Magajinsa na ƙarshe, Richard Smart, da ya rasu a 1992, ya bar gandun a asusun amana domin amfanin mutanen Waimea, garin da gandun yake, kuma daga kuɗin da yake samarwa ake tallafa wa asibitin yankin da makarantu biyu da wata gidauniyar al'umma. Wannan bai goge tambayoyin da ke kan yadda ƙasar 'yan asalin Hawai ta tattaru a hannu kaɗan ba, amma ya mayar da taimakon gari haƙƙi rubutacce wanda ba ya jiran halin magaji.

Ba lallai ne zuriyar King su bi sawun Smart ba, dukiyarsu ce, kuma riƙe mafi yawan gandun a hannun gida ɗaya tsawon sama da shekara 170 ya kare daji da namun dawa da yawa. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi: a rubuta sunayen iyalan Kineños a tarihin garin daidai da na King da Kleberg, a koya wa yaran Kingsville yadda filayen suka sauya hannu, sannan a ɗaure wani kaso na ribar gandun ga makarantu da lafiyar yankin da yarjejeniyar da magada ba za su iya warwarewa ba.