Likitan allurar barci mai zaman kansa: ba lallai sai babban birni ba

Mutane da yawa na ɗauka wai likitan allurar barci in ya bar aikin albashi, babban birni kawai zai nufa kuɗi su yi ta shigowa. Gaskiya ba haka bane. Shi fa ba shi da marasa lafiyan kansa, sai likitan tiyata ya kira shi, don haka yawan tiyatar da ake yi a wuri ita ce kasuwarsa. A manyan birane sau da yawa asibitoci sun riga sun ɗauki nasu ko sun ba wata ƙungiya kwangila, sabon shiga sai yai ta jira. A ƙananan garuruwa kuwa ana nemansa ruwa a jallo, amma kiran dare na haihuwa da haɗari duk a kansa zai ƙare, ga ba mai karɓarsa in ya gaji.