Wa Ya Ce Maka Kana Buƙatarsa?

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa.

A Kaduna, daga gadar Kawo zuwa Kasuwar Gumi, ido ba ya hutawa da allunan talla. Ka shiga gida ka ɗauki waya, nan ma su ne. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, sama da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga talla yake samu. Shi ya sa ba ya karɓar ko sisi a hannunka: hankalinka da lokacinka yake sayar wa 'yan kasuwa.

Ciniki halal ne, Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija. Inda gizo ke saƙa shi ne tsarin jari-hujja ba ya rayuwa sai ana saye kullum, alhali buƙatar ɗan Adam ta gaskiya tana da iyaka. To yaya za a yi da mutumin da ya ƙoshi? Sai a ƙirƙira masa yunwa. A 1929 wani gwanin farfaganda a Amurka, Edward Bernays, ya shirya wasu 'yan mata suka kunna sigari a bainar jama'a yayin jerin gwanon Ista a birnin New York, aka sanar da jaridu cewa wai alamar 'yancin mata ce. Kamfanin taba ne ya biya shi. Guba ce, aka naɗe ta da sunan wayewa.

Dabarar ba ta canja ba har yau. Kafin a sayar maka da abu, sai an sa ka raina wanda Allah ya ba ka. 'Yar'uwa, baƙar fatarki lafiyarta ƙalau har ranar da aka nuna miki cewa fara ce kyakkyawa, ga kuma man bilicin a farashi mai sauƙi, ba a gaya miki yadda sinadaransa ke ɓata fata da ƙoda ba. Ɗan'uwa, wayarka tana kira tana karɓa, amma da sabuwa ta fito sai ka fara jin kunyar fito da ita a majalisa.

Sha'anin biki kuwa ya fi ban tausayi. Anko kala uku, hotunan kafin aure, dina a babban ɗakin taro, akwatunan lefe sai an jera an ɗauki bidiyo an watsa. Wa ya shar'anta mana wannan? Mun gani ne a shafukan masu kuɗi da masu tallan kaya, muka mayar da shi wajibi. Uba yana sayar da fili don kayan ɗaki, saurayi mai sana'arsa ya kai shekara arba'in bai yi aure ba, duk don gudun kada a ce. Kuma yawancin atamfar da muke rububi daga waje ake shigo da ita, ga masaƙun Kakuri can a rufe, ciki har da masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe tun 1957.

Allah (SWT) ya ce a Suratut Takasur alfahari da yawan tarawa ya shagaltar da mu har muka ziyarci kaburbura. A Suratul Isra'i, aya ta 27, ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya umarce mu mu riƙa duban wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Mu kuwa da asuba, ko azkar ba mu gama ba, mun fara leƙa gidajen waɗanda suka fi mu.

Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wahalar nan bashi ce. Manhajojin lamuni na waya suna bayarwa cikin mintoci, da ruwa a kai, wanda riba ce ƙarara, wasunsu in ka makara su bi lambobin 'yan'uwanka da saƙon tozarci. An taɓa kawo gawa gaban Annabi (SAW), da ya ji ana bin mamacin bashi bai bar abin biya ba, ya ce sahabbai su sallace shi, bai yi masa salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Kafin ka tura kuɗin wani kaya, bar shi ya kwana uku, ka tambayi kanka ko ka san da shi kafin ka ga tallansa. Iyayenmu mata, ku da ake jin maganarku a harkar lefe, ku zauna da dangin ango tun kafin a sa rana, ku yanke adadin da yaron zai iya ba tare da ya ci bashi ba.